Ƙanina ya faɗa caca tun rasuwar babanmu, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Ƙanina shekararsa 24, adaidaita yake ja a Kano, yaro ne mai kunya ko sigari bai taɓa sha ba, amma tunda babanmu ya rasu bara ya koma wani iri, ba ya barci, abinci sai Umma ta yi da gaske, sai daga baya muka gane bet ɗin ƙwallo yake yi a waya. Yanzu mai mashin yana binsa balas na sati 3, keken ɗinkin Umma ma ya sayar. Shekaranjiya da asuba na same shi zaune a soro yana kuka, wai wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti, wato ya sa ya faɗi cacar gaba ɗaya, har yana cewa da ma shi ne ya mutu ba Baba ba. In biya bashin ne? Kuma wannan iskanci ne ko ciwo?

Wani ma'aikacin jinya:
Yaya, ciwo ne. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a aji ɗaya da shaye-shaye. Kuma masu cacar ba duka suke ɗaya ba, wasu masana biyu, Blaszczynski da Nower, sun kasa su gida 3 a 2002. Akwai wanda lafiyarsa ƙalau, abokai suka ja shi ya ci sau ɗaya sai abin ya bi jiki, shi damuwarsa bayan asara take zuwa. Akwai wanda tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri guda, ga faɗa ga ƙwaya, nasa ya fi wahalar magani. Sai wanda dama yana da ciwon damuwa ko fargaba ko wani rashi ya same shi, shi ba kuɗin ne ya dame shi ba, so yake ya manta abin da ke cin ransa ko na minti 10 ne, kuma irin wannan in kika ƙwace wayar kika bar damuwar to wani abun zai kama. Yadda kika faɗa ƙaninki ya fi kama da wannan, amma likita ne zai tabbatar. Maganar mutuwar nan ita ta fi tada min hankali, kar a bar shi yana kwana shi kaɗai, a ɗauke fiya-fiya da magunguna daga gidan, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano cikin satin nan.

Wani ɗan uwa daga Zariya:
Ni na yi shekara 4 a ciki, a majalisa na koya. Wlh kar ki ba shi kuɗi a hannu, duk abin da ya shigo tunaninsa ɗaya ne, bari in buga in dawo da na baya. Ki je wajen mai mashin da kanki ku yi yarjejeniya, shi kuma ya dinga biyanki kaɗan kaɗan. Ni yayana ne ya riƙe min katin banki ya ba ni ƙaramar waya mara intanet. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024 amma ai shagon yana cikin aljihunsa.

Wata uwa:
Allah ya shirya. A Suratul Ma'ida aya ta 90 tare aka ambaci giya da caca. A dage da addu'a, amma Umma ta daina yi masa gori a gaban ƙannensa in tana yi, ki ja shi ɗaki ki tambaye shi me yake ji game da Baba.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka. Kawu ya ce zai raka mu asibiti ran Litinin, shi ma ya yarda amma wai kar abokansa su ji. Yau wani ƙaninmu zai kwana a ɗakinsa.