Makaɗan Ailan a bukin aure a Sakkwato, zai yiwu kuwa?

Abu_Mabera:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Ƙanena da ke aikin asibiti a Dublin zai yi aure, yarinyar 'yar can ƙasar Ailan ce, kuma an tsai da magana nan gida za a yi bukin cikin Janairu in Allah ya kai mu. To baban amaryar yac ce su wurinsu buki bai cika sai da makaɗan gargajiyarsu ana gani ana ji, ba DJ ba, har ya ce zai kama da wani abu cikin kuɗin. Ni anka ɗora ma dina, ni ko kalangu da kotso kaɗai na sani. Mutum nawa ne ƙungiyar, mi suke kaɗawa, kuma ɗauko su tun daga can ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam Yaya Abu, Allah shi sanya albarka. Na yi karatu a birnin Galway can Ailan don haka na ɗan san su. Ba taro ba ne da yawa, mutum uku zuwa biyar sun isa buki. Jagoran kiɗin galibi mai gogen Turawa ne, sai mai akodiyon (wani abin kiɗa mai madannai da ake ja ana matsewa da hannu biyu), sai 'yar sarewar ƙarfe mai huda 6, sai gangarsu da suke ce ma bauran, faffaɗa ce mai fuska ɗaya da fatar akuya, hannu guda na ciki yana danna fata ɗayan na bugu da ɗan guntun icce. Akwai kuma algaitarsu da ba a busawa da baki, iska daga wani abu kamar zugazugin maƙera take zuwa, a ƙarƙashin gwiwar hannu ake matsa shi mutum yana zaune.

Amma abin da za ka fara tambayar surukin naku shi ne kiɗin saurare yake nufi ko keli. Keli rawar taro ce, akwai mai makirfo yana kiran taku, ana jeruwa layi layi maza da mata riƙe da hannun juna ana juyi ana musayar abokin rawa, to ka san gida. Sannan waƙoƙinsu da yawa na mashaya ne, maganar giya a ciki ba ɓoyo, ku ce su turo jerin abin da za su yi tun da wuri ango ya duba. Kuma ku kama su yanzu, Disamba cike suke da bukukuwan Kirsimeti, Maris kuma kar ma ka tambaya saboda ranar Saint Patrick, babban bukin ƙasarsu, 17 ga wata. Ango ya leƙa reshen Comhaltas da ke kusa da shi, ƙungiyar raya kiɗan gargajiyarsu ce tun 1951, nan zai samu masu iyawa na gaske.

Bello_Sauti:
Malam Abu ni sana'ata ke nan, haɗa lasifika a wurin buki, bari in hwaɗa maka gaskiya. Kuɗin kiɗin ba shi ne matsala ba, tikiti ne. Ba jirgin da ka tasowa Dublin kai tsaye zuwa Najeriya, sai sun yada zango wata ƙasa, su sauka Abuja ko Legas, sannan su sake hawa wani zuwa filin Sultan Abubakar III, ga biza kuma wadda za su yi aiki da ita ba ta yawon buɗe ido ba (ango ya tambayi ofishin jakadancinmu na Dublin), ga otal, ga abinci, kuma da Yuro za su yi maka lissafi. Mutum biyar wallahi sai ka sai da fili.

Na biyu hunturu. Janairu hwa kac ce. Ƙasarsu damshi gare ta shekara duk, kayansu na icce ne da fata, iskarmu ta bushe su sai goge ya tsage, algaitar nan ma belinta bai son bushewa ko kaɗan, ita ko ganga fata za ta ɗaure tamau sai an riƙa shafa mata ruwa, wannan ko namu makaɗan sun sani. Ni shawarata mutum biyu, mai goge da mai ganga, ka haɗa su da mai kukuma da mai kalangu na nan su yi gwaji kwana ɗaya kafin dina. Kowane kaya da makirfonshi, janareta ta yi nisa da hol don kiɗinsu ba shi da ƙarar da za ta danne ta. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, kuma a rubuce.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Abu ɗana, rawar nan ta riƙe hannu kada ka soma kawo ta gaban iyaye, magana za ka jawo ma yarinya tun ba ta zauna ba. In dangin amarya na son rawarsu a yi ta ranar kamu, mata zalla, mu ma mu koya. Ranar dina su zauna su yi kiɗinsu a saurara. Kuma ka shaida ma mahaifinku tun yanzu, kada shi gani a hol.

Ɗan_Arkilla:
Hhhh ni dai ina jiran in ga Bature na goge an manna mai ɗari biyar a goshi. Ku gaya masu tun da wuri kada su zaci faɗa ne. Ko da yake ma liƙin naira laifi ne a dokar CBN ta 2007, ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla dubu 50 ko duka biyun, ku aje kwano gabansu kowa ya saka.

Abu_Mabera:
Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya na ji kuma yau da dare zan samu Baba. Na kira ango, ashe ƙanen amaryar na taɓa gangar nan kuma dama yana cikin masu zuwa, saura mai goge ke nan. Malam Bello mai kukuman da kake magana nan cikin gari yake ko sai an aika ƙauye?

Bello_Sauti:
Nan yake, sai dai Janairu buki ya yi yawa, ka turo mani ranar ta inbox in tare shi tun yanzu.