Wai JavaScript munafuki ne?

Ɗan Gobir: Salamu alaikum ƴan uwa. Yau raina a ɓace yake. Na haɗa wa wani Alhaji mai shagon atamfa a babbar kasuwar Maradi manhajar lissafin bashi. Wata baiwar Allah ta biya jaka 40 cif, bashinta ya koma 0. Ni kuwa `sabo || tsoho` na rubuta, wato in babu sabon adadi a ɗauki tsohon, sai JavaScript, yaren da na rubuta manhajar da shi, ya ɗauki 0 a matsayin false (ƙarya), ya maido tsohon bashin. Yaron shago ya bi ta har gida, a gaban surukarta yake tambayar kuɗin da ta riga ta biya. Yaren da zai maida lamba ƙarya bai tambaye ka ba, munafuki ne. Lamba daban, i ko a'a daban.

Bakatsine: Munafuki? Auna bakinka. Munafuki ɓoyewa yake, wannan kuwa a rubuce yake: 0, "", null, undefined, NaN, duk false ne. Tun 2020 akwai `??`, wanda ba ya komawa kan tsoho sai in sabo null ko undefined ne, wato babu komai, da shi ka sa da sifilinka ya tsaya.

Ɗan Gobir: To "0" fa, sifilin da aka rubuta a matsayin harafi? Cikin `if`, mai gwada sharaɗi, ya ce gaskiya ne, ka rubuta `"0" == false`, wato daidai yake da ƙarya, nan ma ya amsa. Mai fuska biyu ya sunansa?

Malam na Zariya: Ƙanena, munafunci hukunci ne a kan mai zuciya. Ka ce yaudara, ka janye waccan.

Bakatsine: Yaudarar ma ban yarda ba, Malam.

Yar Tibiri: Ku dawo yaren Python ku huta.

Bakatsine: Python ɗin da `True + True` ke ba da 2? Har ƙarfe 12 na dare false ne a wurinsa kafin sigar 3.5.

Yar Tibiri: An dai gyara. Kai da ka koyi aikin a YouTube za ka faɗa mana?

Bakatsine: Ke da kika yi jami'a, ina manhajar da kika sayar?

Malam na Zariya: Ku ji tsoron Allah, Juma'a ce.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Ɗan Gobir na da gaskiya. Da a ce da yaren Java ya yi aikin, `if (0)` ko tashi ba zai yi ba, nan take za a tsayar da shi, haka yaren Go ma. Shekara 9 ina Java, ban taɓa kunyata abokin cinikin kowa ba. Ɗan Gobir, gobe ka je da Alhaji ku ba matar nan haƙuri a gaban surukar tata.

Bakatsine: Shugaba, wa ya ce maka na yarda?