Wa ya taɓa ɗaga Windows ɗinsa daga 10 zuwa 11? Ya lasisinku ya kasance?

Mai Tsohuwar Laftof:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman waɗanda suka yi abin da hannunsu, ba wanda ya ji an ce ba. Laftof ɗina tana kan Windows 10 tun da na saye ta, kuma kun san tun 14 ga Oktoba 2025 tallafinsa ya ƙare, shi ne nake so in koma 11 amma wlh gabana faɗuwa yake, don ba ni da kwali ba ni da takarda, na juya ƙasan laftof ɗin ma babu sitika mai lambar lasisi. In na ɗaga aka ce in kawo lamba ina zan samo ta? Duk aikina a cikinta yake.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, rashin sitika ba matsala ba ce. Tun zamanin Windows 8 masu ƙera kwamfuta suka daina manna lambar a jiki, a cikin BIOS suke dasa ta, wato manhajar da ke tada inji kafin Windows ya hau, Windows da kansa yake karanto ta. Kafin ka taɓa komai ka shiga Settings, Update & Security, sai Activation, ka karanta abin da aka rubuta. In ka ga an ce an kunna shi da digital license to shikenan, an riga an san injinka, kuma daga 10 zuwa 11 kyauta ne, Home ya koma Home, Pro ya koma Pro. Abin da na fi gani yana wahalar da mutane a wajen aikina shi ne wannan Home da Pro ɗin. Mutum lasisinsa na Home ne, wajen instolin ya ga jeri ya zaɓi Pro don yana ganin ya fi girma, ya gama komai ya mayar da fayilolinsa sai rubutun Activate Windows ya fito a kusurwar allo ya zauna. Lasisin bai ɓace ba, rigar wani ya sa. Ko fomatin za ka yi, in an tambaye ka lamba ka danna inda aka ce ba ka da ita, ka zaɓi irin wanda kake da shi da, kana hawa intanet zai kunna kansa.

Maman Biyu:
Wannan maganar ta Mai Gyara kamar labarina yake bayarwa. Na kai tawa wani ya ɗora min Windows, ya ce ya sa min Pro har ya kunna min, nayi ta godiya. Bayan wata biyar da wani abu sai ta fara min saƙo wai lasisina ya kusa ƙarewa, kullum na buɗe sai ya fito, har ina tsakiyar rubuta jarabawar ɗalibaina ya tare min allo. Ƙanena ne ya zo ya buɗe wannan baƙin akwatin da ake rubuta umarni, ya rubuta slmgr /dli, umarnin da ke nuna irin lasisin da ke kan injin, sai ga shi an rubuta Volume da KMS. Ya ce min irin lasisin manyan ma'aikatu ne, kwana 180 yake yi sai an sabunta shi daga sabar ma'aikatar, ni kuwa ba ni da wata ma'aikata. Abin da ya fi ƙona min rai, ashe laftof ɗin tana da nata lasisin Home na halak a cikinta tun daga kamfani, mutumin ya danne shi da na bogi. Muka kwashe fayiloli muka sake ɗora Home, ko lamba ɗaya ba mu rubuta ba ya kunnu.

Mai Gyara:
Hajiya Allah ya kyauta, kuma kin yi sa'a. Irin waɗannan 'yan manhajojin kunnawar galibi sai an kashe maganin bairos kafin su yi aiki, ke nan an buɗe ƙofa an ba abin da ba a sani ba cikakken iko a kan injin. Na sha goge injinan da suka kamu ta nan. Wanda yake son tabbatarwa ya rubuta slmgr /xpr, zai faɗa masa ko na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa.

Ɗan Makaranta:
Ni kuma lamba na saya a intanet, mai araha sosai, haruffa da lambobi 25 cif, rukuni biyar biyar kamar yadda ta gaske take. Tayi aiki kuwa. Da na sake fomatin na sa ta sai ta ƙi, aka nuna min 0xC004C008, na bincika na ga ma'anarsa an yi amfani da lambar a injina fiye da yadda aka yarda. Wato ba ni kaɗai aka sayar wa ba. Na nemi mai sayarwar shiru har yau.

Baban Ummi:
Tawa matsalar daban ce, madabod ce, wato babban allon da duk kayan cikin injin suke haɗe a kai, ta ƙone aka canza. Lasisin dijital da madabod yake ɗaure, in ka canza ram ko hadis ba ruwansa, amma madabod kam a wajensa sabuwar kwamfuta ce. Aka kunna sai ga 0xC004F213, wai ba a ga lamba a injin ba. Abin da ya cece ni shi ne tun da daɗewa da asusun Microsoft nake shiga, lasisin ya maƙale da asusun ban ma sani ba, kuma nawa wanda na saya daban ne, ba wanda ya zo da inji ba. Na shiga Activation na danna Troubleshoot, na zaɓi inda aka ce na canza kayan injin kwanan nan, na ga sunan kwamfutata a jeri na danna, ko minti biyu ba a yi ba ya dawo. Amma ku lura, wanda ya zo dashe da inji daga kamfani a ƙa'ida ba a ɗauke shi a kai wani injin, na saye daban ne ake iya ƙaura da shi. Don haka Malam mai tambaya, ka haɗa asusun TUN KAFIN wani abu ya lalace, bayan ya lalace babu abin da za ka haɗa.

Injiniya Ƙarami:
Ni lasisi bai ba ni ciwon kai ba, sharuɗɗan 11 ɗin ne. Yana son TPM 2.0 (ɗan sashen tsaro ne a cikin inji), Secure Boot (tsarin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tada inji), ram 4GB, wuri 64GB, sai furosesa daga Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. PC Health Check, manhajar da ke duba ko inji zai ɗauki 11, ya ce min injina bai cancanta ba alhali furosesata ƙarni na 9 ce, har na fara tunanin sayen sabo. Ashe TPM ɗin yana nan a kashe, a BIOS sunansa PTT in Intel ne, fTPM in AMD ne, shi ya sa mutane ba sa gane shi. Na kunna. Sai na zo na mayar da tsarin tada inji daga Legacy, tsohon, zuwa UEFI, sabon da Secure Boot yake buƙata, inji ya ƙi tashi gaba ɗaya, baƙin allo kawai, ranar ban yi barci ba. Dalili hadis ɗina a tsohon tsarin MBR yake, UEFI kuwa sabon tsarin GPT yake so. Na koma na mayar da Legacy ya tashi, na yi amfani da umarnin mbr2gpt na juya hadis ɗin zuwa GPT, sannan na sake komawa UEFI. Juyawar ake fara yi kafin canza BIOS, kar wani ya bi ta baya irin tawa.

'Yar Ofis:
Yaya tunda ka taɓo BIOS bari in ƙara. Akwai wata lambar da ba ta lasisi ba ce kuma ta fi ta haɗari, ta BitLocker, tsarin Windows da ke kulle hadis, lambobi 48. Na kashe Secure Boot don in tada inji daga filash, ina dawowa sai shuɗin allo yana neman ta, ban ma san an kulle hadis ɗin ba. Na yi ta rubuta lambar lasisi tana ƙi, hannuna har rawa yake don takardun shekara uku ne a ciki. Da waya na shiga asusuna na Microsoft na same ta a ajiye. In da babu ita babu mai gyaran da zai buɗe min. Lasisi in ya faɗi injinka zai ci gaba da aiki, hoton bango da kaloli kawai zai hana ka canzawa, wannan kuwa fayilolinka ne za su tafi.

Dattijo:
Ku yara ku daina dogara da tsohuwar lambar Windows 7. Da 10 ya fito a Yuli 2015 an ce ɗagawa zuwa shi kyauta na shekara ɗaya ne, amma lambobin 7 da 8 suka ci gaba da karɓuwa, ni kaina nayi da ita a 2019. An rufe wannan hanyar a Satumba 2023, na gwada a wani injin bayan nan ta ƙi. Wanda na ɗaga tun farko dai lasisinsa yana nan. Ɗayan injin mai furosesa ƙarni na 6 an ce min Rufus, manhajar sa Windows a filash, zai tsallake sharuɗɗan 11, amma tunda babu tabbacin samun afdet a haka sai na ɗora masa Linux Mint a madadin Windows, ba ya neman lamba, rubutu da intanet kawai nake yi da shi dama.

Mai Tsohuwar Laftof:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na duba, Home ne, digital license, slmgr ya nuna OEM, wato wanda ya zo da inji daga kamfani, kuma na dindindin. Na haɗa asusun kamar yadda Baban Ummi ya ce, na kwafe fayiloli a hadis na waje, na rubuta lambar BitLocker a takarda, sannan na ɗaga ta Windows Update. Ba a tambaye ni ko harafi ɗaya ba. Sai dai yanzu akwai wani fulda Windows.old da ya cinye min wuri sosai, in goge shi?

Mai Gyara:
A'a Malam, bar shi tukuna. Da shi ake komawa 10 in wani abu ya ƙi aiki, kuma kwana 10 ne kawai kake da su, bayan nan Windows da kansa zai share shi. Ka gwada firinta da kyamara da manhajojin aikinka a cikin kwanakin nan.