Neman Taimako Kan Nazarin Barkwanci Mai Ɗaci

Assalamu alaikum, malamai da ɗaliban adabi. Ina nazarin wani kundi na gajerun labarai da maƙalu masu sa dariya a kan yunwa da mutuwa, kuma na cije a wuri guda.

Maƙalar da ta gagare ni ita ce wadda Jonathan Swift ya wallafa a 1729, inda mai magana ya ba da shawarar talakawan ƙasar Ayalan (Ireland) su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu 'yan shekara ɗaya domin a ci, har yana yanka musu farashin sule 10 cikin natsuwa, kamar dillali a kara. Na san Swift yana sukar masu filaye da manufofin Ingila ne, amma malamina ya ce sai na kafa hujja daga cikin matanin kansa.

Ta yaya zan raba muryar marubucin da ta mai magana? Shin gyare-gyaren da mai maganar ya jero kusa da ƙarshe sannan ya yi watsi da su, irin su ɗora haraji kan masu filaye mazauna waje, sun isa hujja? Don Allah masana ku nuna mini hanya.