Me ya sa wasu saitin tsabar kuɗi na ajiya ke da tsada haka?

Nura:
Assalamu alaikum. Masana harkar tara tsabar kuɗi na ƙarfe, ina neman ƙarin haske. Saitin bugun madubi (tsaba mai sheƙi da ake bugawa musamman don masu tarawa) da gidan buga kuɗin Amurka ya fitar a 1936 ana sayar da shi dubban daloli, alhali na 1960 zuwa sama kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Tsufa ne ke kawo tsadar?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam. Ba tsufa ba ne, Malam Nura. Akwai kuɗin tagulla na Rumawa masu shekara 1,700 da ake saye da ƴan daloli, don an tono su jingim. Ka fara da duba adadin da aka buga. Saitin 1936 tsaba biyar ne: senti 1, 5, 10, 25 da 50. A lokacin ana iya sayensu ɗaiɗai, kuma mai senti 25 guda 3,837 kacal aka buga, ka ga ke nan cikakken saiti ba zai haura wannan adadi ba. A 1957 kuwa saitin ya zarce miliyan ɗaya.

Sai kuma abin da ya tsira. Har 1964 masu senti 10, 25 da 50 kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Da farashin azurfa ya kusa dala 50 kowace oza a Janairun 1980, an narkar da tsaba mai yawa. Wasu saitin kuma dillalai ne suka farraƙa su don sayar da wadda ta fi kyau ita kaɗai.

Hajiya Bilki:
Malam ya yi bayani, amma lafiyar tsabar ita ce rabin kuɗin. A bugun madubi, ana goge faifan ƙarfen da zai zama tsabar da hatimin da ke buga mata hoto har su yi sheƙi kafin a buga. A tsofaffin saiti, bugun farko-farko ne kawai ke fitowa da hoton fari sol kamar an yayyafa masa gari, kafin hatimin ya cinye, shi ya sa irinsu ke wuyar samu. Kamfanonin tantance lafiyar tsaba irin PCGS da NGC na ba da maki daga 1 zuwa 70, kuma maki ɗaya tak kan ninka farashi.

Inda ake tafka asara shi ne wanki. Tsumma ko man goge ƙarfe na barin siraran zane da ba sa fita har abada. Leda mai laushi ta PVC kuma tana fitar da wani koren danƙo da ke cin fuskar tsabar. A riƙe ta ta gefe, a ajiye inda babu laima.

Malam Garba:
Na manta da kuskuren bugu. Saitin 1975 an buga shi a San Francisco, don haka kowace tsaba na ɗauke da harafin S. Senti 10 guda biyu kaɗai aka sani da suka fito babu shi, kuma an sayar da ɗaya sama da dala 500,000 a 2024. Sai dai a yi hattara: senti 10 na kashewa da aka buga a Philadelphia a shekarar ma ba su da harafi, kuma miliyoyi ne. Idan tsabar ba ta da fuskar madubi, senti 10 ce kawai.