In rubuta "gautsi" a jikin kwali, za a gane?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. Na sayo wa ƙanwata tangaran a Kasuwar Barci, zan ba direba ya kai Sakkwato kafin biki. Kakata ta ce in rubuta "akwai gautsi" a jikin kwalin. Ni a bakinta kaɗai nake jin kalmar. 'Yan lodi za su gane, ko in rubuta "kayan fashewa"?

Na Rigasa: Rubuta "kayan fashewa" mana, sojojin shingen farko su sauke ku har direban.

Malam Babba: Kakarka ta yi daidai. Gautsi na abin da ba ya lanƙwasuwa ne, sai dai ya karye ko ya tarwatse: ƙwai, kasko, busasshen kara. Abin kuma gaggautsa ne. Ba ɗaya suke da rauni ba, igiya takan yi rauni amma ba ta da gautsi. Kalmar tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934.

Maman Iman: Malam, wa ke karanta kwali a tasha? Da jan biro na rubuta a nawa, a gabana aka sa shi bayan kujera. Ina juya baya aka maida shi but, aka ɗora buhun masara. Da 'yata ta ɗaga kwalin ƙarar ɓaraguzai kawai ta ji, ko murfin kwano bai tsira ba. Direba ya ce ƙaddara ce. Har yau dangin miji na yi mata gori. Dubu goma sha biyu fa na biya.

Baban Ummi: Hajiya, an cuce ki. Dubu biyar nake ba su.

Maman Iman: Atamfa kake aikawa, Alhaji. Bari masu tangaran su yi magana.

Basakkwace: Malam, wannan kalmar tamu ce, ba ta littafin Bature ba.

Malam Babba: A Zariya na tashi, da ita aka rene mu. Yaro ya faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinsa, a ce yana da gautsin baki.

Na Rigasa: Ashe sunan ciwon matata ke nan.

Maman Iman: Ni abin da ke ci mini rai, ka biya kuɗin mota, ɗan kamasho ya karɓi nasa, ɗan lodi ma ya miƙo hannu, amma kaya na lalacewa babu mai ko rasit.

Ɗan Tudun Wada: To jama'a, me zan rubuta?

Baban Ummi: Rasit? Hajiya, ni ko lambar direban sai da na yi rigima aka ba ni.