Murtala da tsallaken Kwara: jarumta ko ganganci?

Baban Ummi: Jama'a ku raba ni da mutanen majalisarmu. Jiya a teburin mai shayi sauran kaɗan a watsa min ruwan zafi, don kawai na ce Murtala na mulki daban, Murtala na yaƙin basasa daban. A Oktoban 1967 yana riƙe da Runduna ta Biyu, 'yan Biyafara sun karya gadar Anaca, hedikwata a Legas ta ba shi shawarar ya zagaya ta Idah ya tsallaka. Ya ƙi. Sau uku yana loda sojoji a jiragen ruwa daga Asaba, sau uku ana karkashe su. Wannan ganganci ne, ko a gaban wa zan faɗa.

Ɗan Kurawa: Ganganci? Janar guda kake kira ɗan ganganci kamar wani ɗan acaɓa? Janye kalmar nan tukun, sannan mu yi magana.

Baban Ummi: Ban ce ɗan ganganci ba, aikin na ce.

Ɗan Kurawa: Mai aikin ganganci ai sunansa ke nan.

Malamin Firamare: Ku yi haƙuri, lokacin ma ba janar ba ne, laftanar kanar ne. Kuma a Hausa ganganci shi ne yin abu da saninka cewa akwai haɗari. Abin da ya fi dacewa a nan shi ne gaggawa.

Hajiyar Kantin Kwari: Malam ka zo da ƙamus ke nan. Mutumin da ya kori 'yan tawaye daga Benin cikin 'yan makonni, da bai yi gaggawar ba da yanzu wani labarin ake yi.

Yerwa: To ai Muhammadu Shuwa, kwamandan Runduna ta Ɗaya, shi ma yaƙin ya yi. Runduna ta Ɗaya ta ci Inugu a wannan watan, a hankali, ba tare da an zuba yara a kogi ba. Amma shi ba a sa hotonsa a naira ashirin ba, saboda ba Bakano ba ne.

Ɗan Kurawa: Ga ta nan, dama na san Kano ce ke muku ciwo.

Yerwa: Me zan yi wa hassada, cunkoson Kurna?

Hajiyar Kantin Kwari: Yaro, kayan da ke jikinka daga ina aka saro su?

Baban Ummi: Ku dawo kan magana don Allah. Abagana fa? Ranar 31 ga Maris 1968 aka yi wa ayarin Murtala kwanton ɓauna a garin, motoci kusan ɗari suka ƙone bayan wuta ta kama tankar mai. Sannan ranar 7 ga Oktoban 1967 sojojin rundunarsa sun harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. Wannan babu mai son taɓawa.

Ɗan Kurawa: Kana wurin? Kakana ya yi yaƙin nan, bai taɓa faɗa mana haka ba.

Malamin Firamare: A wace runduna kakan naka yake?

Ɗan Kurawa: Wannan kuma ba ruwanka.

Hajiyar Kantin Kwari: Mutum ya rasu tun 13 ga Fabrairun 1976, ranar Juma'a, Dimka, sojan da ya yi yunƙurin juyin mulki, ya sa aka harbe shi a mota ba ko rakiyar kirki. Ku ji tsoron Allah ku bar mamaci ya huta.

Yerwa: Na Asaba ma ai mamata ne, Hajiya.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, an yi ittifaƙi cewa kalmar ganganci ba ta dace ba, kuma Baban Ummi ya kamata ya janye ta. Kowa ya yarda marigayi gwarzo ne: cikin wata shida da 'yan kwanaki ya mai da jihohi 19, ya tsayar da maganar Abuja, ya tsaya wa Angola. Yerwa, wannan gargaɗi na biyu ne kan zagin Kano. Na rufe.